Yadda Ake Kafa Ƙaramar Makarantar Kuɗi a Raine Ta Daga Zaure Har Aji Shida

Tamu makarantar a zauren gidan kawuna ta fara, da yara 14, tabarmi uku, da allon katako da muke shafa wa garin batir duk Asabar don ya yi baƙi. Yau tana zaune a filinta, da firamare cikakkiya da ƙaramar sakandare. Shi ya sa da wuya wata ya wuce ban samu mai sallama da ni ba, ya ce, "Malam, ina so in buɗe makaranta, ta ina zan fara?" In na ɗan bincika sai in tarar ya riga ya raɗa mata suna, har launin yunifom ya zaɓa. Waɗannan su ne na ƙarshe a layi. Ga yadda nake jera wa mutum abin in ya zauna, ko namiji ne ko mace, don kuwa makarantu da yawa da na san sun tsaya da ƙafarsu mata ne suka kafa su daga tsakar gida.

Mataki na farko: taka unguwar da ƙafarka

Zuwa da kai ya fi aike. Ka fita da ƙarfe bakwai na safe ka tsaya a bakin lungu, sati guda kana yi. Ka ga yara nawa ke fita da jaka, ina suka nufa, nawa ake cusawa a A Daidaita Sahu zuwa wata unguwa, nawa kuma ke zaune a ƙofar gida ba su da niyyar zuwa ko'ina. Ka zaga makarantun da ke kusa ka ji kuɗin da suke karɓa a zango. Ka san sana'ar iyayen: ma'aikacin gwamnati ƙarshen wata yake jira, ɗan kasuwa yana biya kaɗan-kaɗan, manomi sai kaka. Wannan shi zai nuna maka yadda kuɗi za su riƙa shigo maka.

Ka sa matarka ko ƙanwarka ta shiga gidaje ta ji ta bakin iyaye mata. Uba ne ke biya, amma sau da yawa uwa ce ke cewa a cire yaro ko a bar shi.

Daga nan sai ƙofar mai unguwa da limamin masallaci. Ba neman izini na takarda za ka je ba, gaisuwa ce da sanarwa: "Ranka ya daɗe, ga abin da nake niyya, na ce kada ka ji a bakin wani." Ranar da maƙwabci ya kawo ƙarar hayaniyar yara, wannan gaisuwar za ka ci.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu. Tun shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, har zuwa dokar UBE ta 2004 wadda ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, makarantar gwamnati tana nan ba a biya. Duk uban da ya kawo maka ɗansa ya tsallake ta kyauta ne ya zo ya biya. To me ya zo saye? Ba fenti ba ne, ba kuma suna mai tsawo da Turanci ba. So yake bayan zango biyu yaron ya ɗauki takarda ya karanta, ya yi lissafin canji, in da Islamiyya a haɗe ya biya hadda ba gargada. Ka yanke tun yanzu ko boko zalla za ka yi, ko Islamiyya, ko haɗaka. A yawancin garuruwanmu haɗakar ta fi jan iyaye, amma ta fi cin malamai da lokaci, kada ka shige ta don kawai kowa na yi.

Mataki na biyu: lissafin da ke kashe makarantu

A nan zan daɗe, domin a nan yawancinmu muke faɗuwa. Kuɗin makaranta sau uku suke shigowa a shekara, albashi kuwa sau goma sha biyu yake fita. Kowane zango sai ya ciyar da wata huɗu, har da na hutu.

Bari in ba da misali kawai, kai ka sa alƙaluman garinku. A ce kana da yara 60, kowane yana biyan naira 15,000 a zango. A takarda 900,000 ke nan. Amma kada ka taɓa yin lissafi da cewa kowa zai biya. Akwai maraya, akwai ɗan malaminka, akwai ɗan ƙanwarka, akwai wanda ubansa zai yi ta "in sha Allahu jibi" har zango ya ƙare. Ka ɗauka kashi 80 cikin 100 za su shigo, wato 720,000. Raba huɗu, 180,000 a wata. Malamai huɗu a kan 35,000 sun cinye 140,000. Maigadi da mai shara 25,000. Saura 15,000, kuma ba a yi maganar haya ba, ba a sayi alli ba, ba a biya 'yan garuwa ba, kai kanka ba ka ɗauki ko kwabo ba.

Ka kuma lura, wannan 35,000 ɗin rabin mafi ƙarancin albashi ne, wanda aka mai da naira 70,000 a watan Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma cikin malami bai san wannan sassaucin ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na iya cinye kashi mai tsoka na albashin malamin da ke zuwa daga nesa. Shi ya sa nake cewa a nemi malamai a cikin unguwa in da hali.

In lissafin bai fita ba, hanyoyi uku ne: ka rage yawan ajujuwa don malamai su ragu, ka ƙara kuɗin in unguwar za ta ɗauka, ko ka jinkirta buɗewa. Ta huɗun, wato ka buɗe a haka ka ce Allah zai kawo, ita ce ke sa a zango na biyu malamai su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka buɗe sai kana da albashin wata uku ajiye a gefe, kuɗin da ba ka taɓawa ko da ɗaurin auren ƙaninka ya taso. Mun ga amfanin wannan a 2020, da aka rufe makarantu tun watan Maris saboda korona aka shafe wata da watanni ba ko sisi. Waɗanda ba su da ajiya, da aka buɗe sai suka tarar malamansu sun kama wata sana'a.

Asusun banki kuma daban da naka, tun ranar farko. Kai ma ka yanka wa kanka albashi ka tsaya a kai. Aljihun makaranta in ya haɗu da na cefane, ba ka ƙara sanin riba kake ko faɗuwa.

Mataki na uku: wuri

Da wuya mai farawa ya mallaki fili, haya ce ko aron gidan dangi. In haya ce, a rubuta yarjejeniya ta aƙalla shekara uku, a faɗi kuɗin kowace shekara, a faɗi wa ke gyaran rufi, a sa shaidu hannu, in da hali lauya ya duba. Ni na yi sake. Da muka bar zaure muka kama wani gida mai ɗaki huɗu, da baki muka yi magana da mai gidan saboda mutunci. Ranar da ya zo wucewa ya ga takalman yara jere a bakin ƙofa, ya tsaya yana ƙirgawa da ido, na san an gama. Da shekara ta zagayo ya ninka kuɗin, ya ce in ba mu iya ba akwai mai so. Muka biya, don ba a kwashe yara ɗari a tsakiyar zango.

Abin da za ka duba a gida kafin ka kama: iska, makewayi, ruwa, ƙofa. Ɗaki ya zama da taga ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Ka shiga ɗakin da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ka tsaya minti goma. In kai ba ka iya ba, yaro ɗan shekara biyar ba zai iya ba. Rufin kwano ba silin gasa yara yake, kuma lokacin zafi shi ne lokacin sanƙarau, cunkoso a ɗakin da ba iska ba abin wasa ba ne. Makewayin mata daban, na maza daban, na malamai daban, da buta da sabulu. Ƙofar shiga ɗaya tak wadda maigadi ke gani, da wata ta baya da za a iya buɗewa in gobara ta tashi. Rijiya in akwai, a yi mata murfi da kwaɗo.

Kada ka ɗora bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa don bene ba, komai matsin wuri. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta mai bene ya rufta a Jos yara na cikin aji, aka rasa rayuka sama da ashirin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In lokacin gini ya zo, ka biya injiniya, ka kai zanen hukumar tsara birane ta jiharku, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, ta sa hannu. Birkilan da ya ce "ai zai ɗauka, Alhaji" ba shi za a kama ba.

Mataki na huɗu: takardu

Ƙofa biyu ce, kuma mutane na rikita su. Ta farko hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni. Ita suna take yi wa rajista, ba izinin koyarwa take bayarwa ba. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 kana iya yin rajistar sunan kasuwanci, wadda ta fi sauƙi da araha, ko kamfani, ko kuma amintattu in makarantar ta al'umma ce ba ta neman riba ba. Ta amintattu sai an buga sanarwa a jaridu biyu an jira kwana 28 ko wani zai yi jayayya. Ka yi tunani sosai a nan, zan dawo kansa a ƙasa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jiha, ita ke ba da izinin buɗe makaranta. A Kano akwai hukumar kula da makarantu masu zaman kansu, akwai kuma ta makarantun Alƙur'ani da Islamiyya. A Kaduna hukumar tabbatar da ingancin makarantu ce. Wasu jihohin sashe ne a ma'aikatar ilimi. Ka je da kanka ka karɓi jerin sharuɗɗansu a rubuce, don kowace jiha da nata. A dunƙule dai za ka cike fom, ka kai takardun wuri da na malamai, sufetoci su zo su duba, a ba ka izinin wucin gadi, daga baya cikakke, sannan ana sabuntawa. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta banki ka karɓi rasit na gwamnati. Wanda ya ce ka ba shi a hannu zai "gama maka komai", ka gaishe shi ka wuce.

Ka shiga ƙungiyar masu makarantu ta NAPPS ko makamanciyarta a yankinku. Ba don taro ba, don a can ake jin sabuwar doka kafin ta zo ƙofarka da kwaɗo.

Mataki na biyar: malamai

Makaranta malami ce. Gini kawai inuwa yake ba shi.

A tsarin ilimi na ƙasa takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma ana son malami ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1993. Ka nemi waɗannan, sufeto zai tambaya. Amma kada takarda ta rufe maka ido. Ni ba na ɗaukar malami a ofis. Alli nake miƙa masa, in kai shi aji ɗaya, in ce ya koya musu harafin "ɓ" ko tara biyu da uku, in koma bencin baya in zauna. Minti goma sha biyar sun isa. Ina duba ko yana kallon yaran ko allo yake wa magana, ko ya lura da yarinyar can lungu da ba ta ɗaga hannu ba, ko in yaro ya yi kuskure fuskarsa na canzawa. Na taɓa ganin mai digiri ya cika allo da rubutu yara na hamma, wata mai NCE kuma ta shigo da murafen kwalba a leda, kafin ta fita kowa ya iya tarawa. Ita muka ɗauka, ita ce shugabar sashen ƙananan yara har yau.

Sannan bincike. Ka san gidan su malami, ka san mai tsaya masa, ka kira inda ya baro ka ji dalilin barinsa. Haka maigadi, haka direba in kun kai ga mota. Mutanen Kano ba za su manta farkon 2022 ba, lokacin da aka gano cewa mai wata makarantar kuɗi ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, har gwamnati ta janye izinin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. Tun daga nan idon iyaye ya buɗe, kuma suna da gaskiya. Ka kafa doka a rubuce: ba mai ɗaukar yaro sai wanda sunansa ke cikin fom, ba malamin da zai keɓe da ɗalibi a ɗaki a rufe, ba aiken yaro waje lokacin karatu, ko da sayen ruwan leda ne.

Maganar bulala kuwa, ka hana malamai riƙe ta. Duk laifin da ya wuce faɗa a kawo ofis a rubuta. Malami mai jin haushin albashi in ya riƙe dorina, a jikin ɗan mutane yake hucewa.

Ka sa ranar albashi, ka ce 28 ga wata misali, kada ta taɓa wucewa. Malamin da ya san ranar kuɗinsa ya fi haƙuri da kaɗan a kan wanda aka yi wa alkawarin mai yawa ana ja masa rai. Ka biya watannin hutu ko da rabi ne. Masu cewa "ba aiki ba albashi" a watan Agusta su ne ke neman sababbin malamai kowace Satumba, yara kuma kullum suna hannun baƙo.

Mataki na shida: buɗewa

Ka buɗe a Satumba, farkon shekarar karatu, da ajujuwa uku kacal: na rainon yara biyu da aji ɗaya na firamare. Iyaye za su zo da 'yan aji huɗu da biyar suna roƙo. Ka ba su haƙuri. Yaron da ya zo maka a aji biyar bai iya karatu ba, in ya fita da sunanka zai fita.

Manhaja ta NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, za ka bi, ka sayi tsarin darussa na jiharku, kowane malami ya riƙa rubuta shirin darasinsa ka duba ran Litinin da safe. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 25 a ajin raino. Ni a aji ɗaya ba na wuce 30.

Karatu da lissafi a sa su da sassafe kafin rana ta yi. Ra'ayina, wanda na sha jayayya a kansa da iyaye, shi ne yaro ya fara haɗa baƙi da wasali da Hausa, ba-be-bi-bo-bu, don rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wanda ya gane sirrin haɗa sauti a harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya ba shi wuya. Uba zai ce shi Turanci ya kawo ɗansa ya koya. Kada ka yi musu. Ka ce ya dawo ƙarshen zango na biyu, ka miƙa wa yaron littafin da bai taɓa gani ba ya karanta a gabansa.

In haɗaka kuke, ka raba lokacin da adalci, kada Islamiyya ta zama abin da ake yi in an gaji. Ka tsara jadawalin azumi tun kafin ya zo.

Mataki na bakwai: karɓar kuɗi ba tare da ɓata zumunci ba

Wannan shi ne wurin kunya, kuma kunyar ce ke rusa makarantun unguwa, don kowa naka ne. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ya tara bashin zango uku na jikokinsa. Ranar da na yi ƙarfin hali na je, tun kafin in zauna ya ce, "Ɗana, ai ina sane." Na ce, "Baba, ba don ni ba ne, malamai ne ke jira." Ya yi shiru, ya shiga ciki ya fito da kwano biyar na gero ya ce a fara da wannan. Na karɓa, na rubuta masa rasit da farashin kasuwa na ranar. Daga nan na gane mutane da yawa ba ƙin biya suke ba, dunƙulallen kuɗin ne ba su da shi.

Sai muka sake tsari. Kashi uku: rabi a makon farko, rubu'i kafin hutun tsakiyar zango, sauran kafin jarrabawa. Mai biyan mako-mako kamar adashi ma an buɗe masa shafi. Ba malamin da ke karɓar kuɗi a hannu. Banki ko ofis, kuma ko naira ɗari ce sai da rasit mai lamba. Ragi ga mai yara uku zuwa sama a rubuce yake, kowa ya san shi. Gurbin marayu ƙayyadadde ne, ɗaya a cikin goma, in ya cika ya cika sai wani ya fita.

Kada ka kira sunayen masu bashi a taron safe, kada ka tsayar da yaro a rana saboda laifin ubansa. Ka rubuta takarda ka liƙe, ko ka kira uban a waya. In za a ƙara kuɗi, a faɗa a taron iyaye da malamai zango guda kafin lokacin, ka zo da lissafi a takarda ka nuna musu inda kuɗin ke tafiya.

Mataki na takwas: aji ɗaya a shekara

Girman makaranta shi ne ɗalibanka na farko su riƙa hawa kana gina musu ɗaki a gaba. Bana aji biyu, baɗi aji uku. Kowace shekara ɗaki ɗaya, malami ɗaya, benci goma sha biyar. A haka cikin shekara shida kana da firamare cikakkiya wadda kowane ɗalibi a cikinta kai ka rene shi.

Daga shekara ta uku ka fara tara kuɗin fili. Ka saya a inda yaranka za su iya takawa, don fili mai araha a bayan gari makarantar wasu za ka je ka buɗe, ba taka ba. Ka binciki takardunsa a ma'aikatar ƙasa kafin ka biya, kada ka tsaya ga maganar dillali. Katanga da makewayi da ruwa su riga ofishinka. Kowane aji ka yi shi kamar mita 7 da 8. Kuɗin gini daga rarar shekara yake fitowa, ba daga albashin wata mai zuwa ba.

Da 'yan aji shida sun kusa fita, iyaye za su taso ka buɗe sakandare. Ka yi a hankali. A firamare malami ɗaya ke riƙe aji. A sakandare kowane darasi da malaminsa, ko da ɗaliban goma sha biyu ne. Sabon izini ne kuma daga jiha. Ga jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare, in an haura ga WAEC da NECO, ga NBAIS ga masu ɓangaren Larabci, kowace sai ta zo ta ga ɗakin gwaje-gwaje da zauren jarrabawa kafin ta amince da ku. Mu sai da muka yaye 'yan aji shida sau uku kafin muka buɗe ƙaramar sakandare, kuma har yanzu ba mu taɓa babbar ba. Za a kuma zo maka da shawarar a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa don sunan makaranta ya fito. Ranar da ka yarda, malamanka sun gane ba sai sun koyar ba.

Mataki na tara: littattafai, da ranar da ba ka nan

Tun ran gini ran zane. Ranar da ka buɗe, ka sayi manyan littattafai masu bango mai ƙarfi guda huɗu. Na shiga, inda kowane yaro ke samun lamba ɗaya har abada, da sunansa, ranar haihuwa, sunan uba, ranar shiga da ranar fita. Na kiran suna. Na kuɗi. Na huɗu shi ne wanda kowa ke rainawa: littafin abubuwan da suka faru. Layi biyu sun isa. Yau iska ta yaye rufin aji biyu. Yau sufeto ya zo ya ce a ƙara makewayi. Yau aka yi walimar saukar farko, yara bakwai. Ka ɗauki hoton kowane aji sau ɗaya a shekara, ka wanke, ka rubuta sunaye a baya.

Amfaninsu na kusa shi ne sufeto, da tsohon ɗalibin da zai dawo bayan shekara goma neman takardar shaida. Na nesa kuwa, su ne tarihin makarantar. Da muka cika shekara goma muka so rubuta ɗan littafi, sai gardama ta kaure tsakanina da kawu a kan ko da yara 14 muka fara ko 17. Littafin shiga ya raba mu: 14 ne ranar farko, ukun a mako na biyu suka zo.

Yanzu in koma kan rajistar da na ce zan dawo. Makarantu da yawa tare da mai su ake binne su. Ya rasu, fili ya shiga gado, magada su ga kuɗin fili ya fi kuɗin makaranta, a sayar a yi shaguna. In nufinka kasuwanci ne na iyali, ka yi kamfani, ka rubuta rabon kowa, ka jawo ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya koyi aikin tun kana raye. In nufinka sadaka mai gudana ce, ka yi waƙafi a rubuce gaban malamai da shaidu, ka yi rajistar amintattu, takardar fili ta fita da sunan makaranta ba naka ba. Ko wanne ka zaɓa, ka naɗa mataimaki na gaske wanda ya san inda kowace takarda take, yana kuma cikin masu sa hannu a banki. Ka gwada shi: ka yi tafiyar mako biyu a tsakiyar zango ka kashe waya da rana, ka dawo ka ga abin da ya tsaya.

Littattafan nan kuma, ƙarshen kowace shekara a ɗauki hoton shafukansu a ajiye a waya da kwamfuta, a yi kwafi ɗaya a kai wani gida daban. Na asalin a sa su a akwatin ƙarfe a ɗora kan bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Gara ta cinye mana littafin kuɗi na shekara biyu a hutun damina ɗaya.